Masu asibiti, ku gyara shafukanku na intanet ko ku sauke su

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana akan wani abu da ba a cika sa shi a lissafi ba in ana zancen kiwon lafiya. Kullum maganar ita ce ƙarancin likitoci da tsadar magani da yajin aiki, kuma duk gaskiya ne ban musa ba, amma akwai wani ƙaramin abu da baya buƙatar biliyoyi ko zaman majalisa, wato yadda asibitocin da muke fara zuwa in jiki ya motsa suke sa bayanansu a intanet. Ina nufin kilinik ɗin kuɗi na cikin unguwa, da sashen likitan iyali na manyan asibitoci, har da sha-ka-tafi na gunduma. Yawancinsu basu da komai a can, waɗanda suke da shi kuma abun da suka sa ya daɗe da mutuwa basu sani ba, kuma mataccen bayani ya fi rashin bayani cutarwa tunda mutum zai yarda da shi ya kashe kuɗin mota ya ɗauko mara lafiya. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi.

Ni sana'ata POS da cajin waya ce kusa da tasha a nan cikin garin Gombe, shi yasa abun ya dame ni, don duk wanda ya sauka daga Dukku ko Bajoga ko Nafada da mara lafiya a hannu, in ya zo cire kuɗi sai ya miƙo waya yace ɗan duba min asibiti kaza suna buɗe kuwa, ko nemo min lambarsu. Kwanaki wani bawan Allah ya kawo mahaifiyarsa, hawan jini ne da ita ƙafafu sun kumbura, an kwatanta masa wani kilinik da ake yabon likitansa. Muka nemo shafinsu, shafi kam ya haɗu, hotunan Turawa sanye da fararen riguna suna ta murmushi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, an rubuta da manyan baƙi wai a buɗe suke dare da rana. Lamba biyu ce a ƙasa, ɗaya a kashe, ɗayar kuma wata mata ta ɗauka tace ita kam ta daɗe da barin aiki a wajen, a daina damunta. Ya ɗauki shatar Keke ya tafi da tsohuwa a haka, da ya dawo karɓar wayarsa da ya bari a caji yake gaya min ashe likitan sai bayan la'asar yake zuwa saboda da safe yana aiki a wani waje, nas kawai suka tarar, tsohuwa ta wuni akan benci. Ba laifi bane likita ya zo da yamma, kowa ya san yadda likitoci suka yi ƙaranci suna raba kansu gida biyu gida uku, laifin shine ƙin rubuta hakan. Layi ɗaya ne fa, likita yana zama daga ƙarfe 4 zuwa 9 na dare, shikenan, da mutumin ya kai uwarsa gidan ɗan uwa ta huta tukuna.

Abun da na lura da shi, masu gina musu shafukan nan basu taɓa tsayawa sun tambayi kansu waye zai buɗe ba. Ana sauko da wani tsari da aka yi wa asibitocin Amurka a canza suna kawai, wallahi na taɓa ganin wanda har rubutun cike gurbi na Latin ɗin nan da ake bari kafin a sa na gaske yana nan ba a goge ba, ga sunayen likitocin bogi da hotunansu duk na Turawa. Sai dogon Turanci akan buri da manufa da ƙudurin zama zakara a Afirka ta Yamma, ka yi ta ja ƙasa kana ja baka ga nawa ne kuɗin kati ba. Wanda ɗansa ke zazzaɓi da tsakar dare ina ruwansa da burinku? So yake ya san akwai likita yanzu ko babu, in akwai namiji ne ko mace, don kowa ya san a garin nan akwai matan da zasu gwammace su haƙura da ciwo akan namiji ya duba su, kuma akwai mazan da ba zasu bari ba, wannan ba abun ɓoyewa bane. So yake ya san ranar awo, ranar rigakafin yara, ko ana gwajin jini da sikanin a nan ko sai an tura shi wani waje, ko ana karɓar transfa in ba kuɗi a hannu, wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san wannan tambayar ba wasa bace. Sai kwatance irin namu, bayan masallaci kaza, layin mai nika, daura da gidan mai, don lambar gida da sunan titi ba mai acaɓan da zai gane.

Maganar kuɗi kuwa ita suka fi ɓoyewa, kuma na fahimci dalili, farashin magani da na dizal baya zama waje ɗaya tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai asibiti yana tsoron ya rubuta yau gobe a zo ana masa rigima. To ka rubuta ka sa kwanan wata a gefe mana, kace wannan farashin na watan kaza ne. Ko mai shinkafa a kasuwa ai yana faɗin farashin yau ne. Rashin sanin kuɗin kati da na ganin likita shine yake tura mutane kemis, don a kemis kana iya cewa a baka na ɗari biyar ka tafi ba ka ji kunya ba, amma asibiti mutum yana tsoron ya shiga a buɗe masa fayil a kira kuɗin da bashi da shi a gaban jama'a. Mutane da yawa da zasu iya biyan kuɗin ganin likita basu zuwa don kawai suna zaton ya fi ƙarfinsu.

Ga kuma inshora. Tun 2022 aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS kuma ta mayar da inshorar wajibi, mu nan jihar muna da tamu hukumar inshorar, GoHealth, maƙwabtanmu Bauchi suna da tasu hukumar. Tsarin kuwa shine ka zaɓi asibiti ɗaya ya zama nan kake fara zuwa, su ne zasu tura ka gaba in ciwon ya fi ƙarfinsu, ma'aikacin da ke tsarin tarayya kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani yake biya. To da me mutum zai zaɓa in ba bayani? Yawanci sai dai ya tambayi abokin aiki kai wanne ka cike, shima ya cike shi. Ya kamata kowane kilinik ya rubuta ƙarara muna karɓar masu GoHealth ko bama karɓa, ga abun da katin ya ɗauke ga abun da zaka biya da aljihunka, don rigimar da ake yi a tagar magani kullum akan wannan ne, mara lafiya yana ganin an cuce shi, ma'aikaci yana ganin an raina masa hankali, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da kowa ya yi masa bayani.

Sannan nauyin shafin. Mai ginawa yana zaune a ofis da kwamfuta da intanet mai gudu, ya jibga hotuna manya manya da bidiyon da ke kunna kansa, shi a wajensa komai na buɗewa nan take. Mu kuma wayoyin da ake kawo min caji Itel ne da Tecno, rabi gilashinsu a fashe, ma'adana a cike, datar ɗari biyu ce a ciki, kuma tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi kowa ya koma lissafin megabayit. In ka fita wajen gari sabis ya koma sanda ɗaya, shafin zai yi ta juyawa yana juyawa har data ta ƙare baka ga lambar waya ba. Lambar nan ita ya kamata ta fara fitowa a sama, da manyan baƙi, wadda in ka taɓa ta zata kira kai tsaye, ba wai a liƙa ta cikin hoto ba sai ka nemi biro ka kwafa a tafin hannu.

Wannan sa rubutu cikin hoto ma shi ya kawo ni kan 'yan uwanmu masu buƙata ta musamman. Akwai wani makaho da yake zuwa wajena, malami ne, wayarsa yake sarrafawa da kansa da manhajar TalkBack da ke cikin Android, yana shafa yatsa tana karanta masa da sauri irin wanda ni ko kalma ɗaya bana kamawa. Ya nuna min yadda abun yake, in rubutu ne na gaske zata karanta masa tsaf, in kuwa fosta ce aka ɗauka a hoto aka ɗora, sai kawai tace hoto tayi shiru. Kuma kusan duk sanarwar asibitocinmu a Facebook fosta ce, ranar rigakafi fosta, canjin lokaci fosta, shi duk basu wanzu ba a wajensa. Gyaran kuwa ba kuɗi, a sake rubuta abun da ke cikin fostar a ƙasanta da rubutu. Kurma kuma nasa daban ne, ka bashi lambar kira kawai me zai yi da ita, sai an sa layin da ake amsa saƙon rubutu. Ga tsofaffi da masu ciwon suga da ido ya fara rauni, a rubuta musu da ƙananan baƙi masu ruwan toka akan fari wai don ado. Duk waɗannan an riga an yi musu ƙa'ida a duniya tuntuni, ana ce mata WCAG, ta farko ta fito a 1999, aka sabunta a 2008 da 2018 da 2023, har ma'aunin bambancin launin rubutu da na bayansa sun faɗa, kada ya gaza 4.5 zuwa 1 a rubutu na yau da kullum, kuma akwai manhajojin kyauta da ke auna maka. Duk wanda zai karɓi kuɗin mutane yace shi maginin shafi ne ya kamata ya san wannan. Mu ma ai muna da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ma ya wuce. A ganina yanzu ƙofar asibiti ta farko tana cikin waya, in an yi wa ta siminti gangara to itama a duba ta.

Harshe kuma abun har dariya yake bani. Ma'aikatan da ke cikin asibitin tun daga mai gadi har likita da Hausa suke magana da marasa lafiya daga safe har dare, Bafulatani da Batangale da Batere da Bawaje da Babole duk a Hausa ake haɗuwa a layin kati, amma da an zo rubutu sai kowa ya rikiɗe Bature. Wani zai ce ai Google na fassara, eh tun 2013 aka sa Hausa a ciki, amma ka gwada bashi bayanin yadda ake shan magani ko shirin gwajin da ake zuwa ba a karya ba ka ga abun da zai fito, ba abun da zaka dogara da shi bane akan lafiyar mutum. A sa nas ɗin da ta saba yi wa mata bayani a ranar awo ta faɗa da bakinta a rubuta yadda ta faɗa. Kai ko saƙon murya na minti ɗaya aka ɗora ya wadatar da wanda baya karatun boko, tunda mutanenmu da saƙon murya suke rayuwa a WhatsApp.

Na san ana cewa dokar aikin likita ta hana talla, kuma haka ne, ƙa'idojin majalisar likitoci ta MDCN basu yarda likita ya tallata kansa ko ya yi farautar marasa lafiya ba, ni ma bana son ranar da likita zai koma kamar mai gwanjo. Amma faɗin lokacin buɗewa da lambar da ake ɗauka da irin aikin da kuke yi, wannan sanarwa ce, ba cika baki bane. Kuma ku duba wa ya cike gurbin da kuka bari. Buɗe Facebook ko TikTok yanzu ka rubuta basir ko sanyi ko ciwon suga, masu maganin da ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya ne zasu fito maka, da Hausa tsantsa, da lamba a sama wadda in ka kira ko ƙarfe biyun dare ne za a ɗauka, har a turo maka ta mota. Sun fi asibitocin gaske iya kula da mai nema, abun takaicin kenan, sai ƙoda ta lalace a kwaso mutum a kawo wa likitan da ya ƙi sa lambarsa.

A Ingila inda tsarin likitan iyali ya kafu tun da aka kafa tsarin lafiyarsu na gwamnati, NHS, a 1948, kusan kowa yana da rajista da wani gidan likitoci na unguwarsa kuma ta nan ake bi kafin a ga babban likita, hukumar da ke duba ingancin asibitoci ta tilasta musu tun 2015 su nuna makin da aka basu a shafinsu kowa ya gani, daga Oktoban 2025 kuma aka ce dole hanyar neman ganin likita ta intanet ta zauna a buɗe duk lokacin aiki, daga 8 na safe zuwa 6:30 na yamma. Su ma fa suna ta ƙorafin rububin kiran waya da ƙarfe 8 na safe, ba aljanna bace. Ni ba ina cewa mu kwafo duk wannan bane, bamu kai nan ba, wanda ya fara maganar manhajar ganin likita a garin da lambar asibiti bata shiga ya tsallake tsani. Abu ɗaya na ɗauka, can akwai mai dubawa, nan kuwa ba wanda aikinsa ne ya duba.

Don in ka bi diddigin yadda shafukan nan ke mutuwa labarin kusan ɗaya ne. Ɗan wan mai asibiti ne ya gina, ko wani ɗan bautar ƙasa da aka turo, ya gama shekararsa ya koma garinsu da lambobin sirrin a kansa, ba mai iya shiga ya canza ko harafi ɗaya. Sunan shafin kuma haya ce, duk shekara ake biya, in ba a biya ba ya rufe, wani lokacin ma wani ya saye sunan ka buɗe ka tarar da tallar caca. Wanda bazai iya wannan ɗawainiyar ba ya haƙura da babban shafi, ya riƙe shafin Facebook ɗaya da bayaninsa a taswirar Google, duka kyauta ne, amma a ɗora wa mutum ɗaya cikin ma'aikata alhakin dubawa duk farkon wata, mai kati ma zai iya, kuma layin wayar ya zama na asibiti ne yana kan tebur a caji, ba na aljihun wata nas ba da in ta yi aure ta tafi da shi. Sai dai a kula, ba a ce a kwaso sirrin mutane a zuba ba. Ina ganin masu ɗora hoton mara lafiya bayan tiyata ko takardar gwaji da suna a jiki wai don nuna ƙwarewa, wannan cin amana ne, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin sirri.

Su sha-ka-tafi na gwamnati ban ce kowanne ya buɗe shafi ba, ma'aikaciyar da ke fama da awo da rigakafi da karɓar haihuwa ita kaɗai ina ta ga lokaci. Gundumomi 114 muke da su a ƙananan hukumomi 11, kuma gwamnatin jiha ta yi aikin gyara cibiya ɗaya a kowace gunduma, to hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta yi shafi guda mara nauyi da Hausa, ka zaɓi ƙaramar hukuma ka zaɓi gunduma ka ga ranar awo da ta rigakafi da ko ana kwana da lambar mai kula da wajen. Akwai rajistar asibitoci ta ƙasa a intanet da ma'aikatar lafiya ta tarayya ke riƙe da ita, amma wannan ta fi amfanar masu tsara aiki, mai jinya abun da yake nema daban ne. Kuma kowane waje ya faɗi abun da baya yi, wannan ma taimako ne babba. In saran maciji ne, musamman da damina da lokacin girbi, a rubuta kar ku ɓata lokaci a nan ku wuce Kaltungo inda asibitin saran maciji yake, in haɗari ne ko naƙuda ta zo da gardama ga inda za a nufa, ga lambar gaggawa 112.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha, tunda ita ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, a ƙara layi ɗaya a takardar sabuntawa, a kawo lambar da ke aiki da lokutan zaman likita da inda aka wallafa su, jami'i ya kira lambar a gaban mai asibitin kafin ya buga hatimi. Ƙungiyar likitoci ta NMA reshen jiha da ta masu asibitocin kuɗi suma zasu iya fitar da fom ɗaya mai sauƙi kowa ya cike iri ɗaya. Kai kuma Malam Edita ga aiki na kawo maka wanda bazai ci kuɗi ba, ka sa wakilinku na Gombe da na Bauchi su tattaro lambobin da asibitoci suka sa a intanet, su zauna su kira ɗaya bayan ɗaya da rana, su sake kira da daddare, ku buga mana nawa suka shiga nawa aka ɗauka, in katin waya ne matsala ni zan sa musu daga shagona.

Na gode, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku, mai POS da cajin waya, daga cikin garin Gombe.